Ɗan Maɗori da Tashoshi Ɗari

Tun da ka ce an ƙara maka tashoshi a gida kuma zuciyarka na ta janka, bari in ba ka misali. An yi wani tsohon maɗori a wani gari, wanda ake kawo masa masu karaya daga rugage da ƙauyuka masu nisa. Ɗorin gado ne a gidansu, kuma ba da baki ake koyar da shi ba. Sai an kawo mai karaya, uba ya kama hannun ɗansa ya aza a wurin, ya ɗora nasa a sama yana dannawa a hankali, har yatsun ɗan su gane inda ƙashi ya rabu da inda zai koma. Ɗan nasa magidanci ne, manomi, gidansa na jikin na tsohon. Kullum bayan la'asar yakan je ya zauna a zaure kusa da uban, ko an kawo wani ko ba a kawo ba. A haka ya iya ɗorin hannu da na ƙwauri. Saura na cinya, wanda ya fi wuya, kuma ba kullum ake kawo irinsa ba.

Ana nan sai ƙanen ɗan da ke birni ya aiko masa da dish da sola. Da, tasha ɗaya akwatin talabijin ɗinsa ke kamawa, ita ma sai an yi ta juya eriya. Yanzu ga tashoshi sun fi ɗari: nan kokawa, can ƙwallo, gaba zaki na bin barewa a wani dajin da bai taɓa jin sunansa ba. Kada ka ɗauka bai yi ƙoƙari ba, ya yi. Ya lulluɓe akwatin da zanen gado. Ya ba matarsa rimot ta ɓoye a cikin kwallayenta, ya ce ko ya roƙa kada ta ba shi; ba a yi kwana biyu ba ga shi tsugune gaban kwallaye yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya kamar ɓera. Ya ce labarai kawai zai riƙa gani, amma labaran wannan tasha na ƙarewa na waccan ke farawa. La'asar ta koma sakaliya, sakaliya ta koma gobe. Sau biyu aka kawo karayar cinya a wannan rani. Na farko matarsa ta leƙo ta faɗa masa, ya ce ga shi nan zuwa, saura kaɗan wasa ya tashi. Da ya isa har an ɗaure karare an gama. Na biyu tsohon bai ma aika ba, don shi mutum ne da ba ya kiran babba sau biyu. Da suka haɗu a masallaci abin da ya ce masa kawai shi ne, “Hannun nan aro ne fa, ɗana.” Abin ya dame shi ƙwarai, ya yi kwana uku yana zuwa zaure, a na huɗu aka fara wata gasa.

Damina na faɗuwa ɓarin jikin tsohon na dama ya shanye, harshe ya karye. Sai a sannan ɗan ya tare a zaure, safe da yamma, yana juya shi yana ba shi kunu. Wata rana da azahar aka shigo da wani Bafulatani a amalanke, bijimi ya taka masa cinya, sun yi tafiyar rabin yini saboda sunan gidan. Ɗan ya durƙusa, ya shafa man shanu, ya aza hannu. Ba abin da yatsunsa suka gane sai kumburi da zafi. Ya waiwaya ya dubi uban da ke kwance kan tabarma, ya matsa ya ɗauko hannun nan na dama ya ɗora a kan nasa, ko Allah zai sa ya danna. Hannun ya zame ya faɗi. Tsohon na kallon cinyar, idonsa ya san komai, bakinsa na motsi ba abin da ke fita, sai hawaye ke gangarawa cikin kunnensa. 'Yan'uwan Bafulatanin suka ce Allah ya ba Baba lafiya, suka mai da mutuminsu amalanke suka kama hanyar wani gari.

A ranar ya hau rufi ya kwance dish ɗin da kansa, ba wanda ya sa shi. Amma tsohon bai ga kaka ba, kuma ɗorin cinya ya bi shi kabari, abin da aka yi kaka da kakanni ana miƙawa hannu da hannu. Har yau in aka kawo irin wannan karayar, sai mutumin nan ya sunkuyar da kai ya nuna musu hanyar gaba. Ni na san baƙin cikin bai sake shi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.