Injin Lamba Huɗu

Talatin da takwas da rabi. Injiniya ya gyara zaman tabaraunsa ya sake duban baƙar fuskar kwamfutar. Zafin injin ƙyanƙyasa bai kamata ya wuce talatin da bakwai da rabi ba, ga ƙwai dubu uku a cikin lamba huɗu, saura kwana biyar 'yan tsaki su fito.

Wata bakwai ke nan rabonsa da wurin aiki, tun da hawan jini ya kayar da shi ya tafi da hannun hagunsa. Mutumin da ya shekara ashirin yana rubuta wa ƙwaƙwalwar injinan nan umarni, sai ga shi a falo yana ƙirga silin. Zaman ya fi ciwon cin ransa. Kowa ya sha masifa a gidan, har fanka ba ta tsira ba.

Auta ce ta cece shi, 'yarsa da ya koya wa aikin da hannunsa. Wuni guda ta ɓata a kan kwamfutarsa. Ta ƙara wa haruffa girma, ta sa launi, kore lafiya, ja matsala. Dogayen umarnin nan masu karya yatsa ta mayar da su harafi ɗai-ɗai saboda mai hannu ɗaya. Ta dasa masa makulli, yadda daga kujerarsa zai shiga ƙwaƙwalwar injin ba sai ya buga kalmar sirri ba.

"Baba, lamba huɗu taka ce," ta ce tana naɗe waya, idonta a kan wayar. "Ba mai taɓa maka ita."

Ranar sai da ya juya baya ya share ido. Tun daga nan kullum da hantsi yana kan aiki, ya duba zafi, ya duba danshi, ya tura gyara. Lamba huɗu kuwa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ko a ranakun da ake buɗe ƙofa a haska ƙwai, zafinta ba ya gezau. Ya sha kiran Dogo, amininsa da suka kafa wurin tare, ya yi masa gori.

"Ku masu hannu bibbiyu, me kuka tsinana?"

Dogo sai ya yi dariya ya tambayi jiki.

Talatin da tara. Ya ba hita mai ɗumama ƙwan umarni ta mutu, ta amsa ta mutu, zafi bai sauka ba. Ya ƙure fanka, a banza. Ya kira Auta, wayar ta yi ta ringi har ta gaji. Ya kira Dogo.

"To, bari a duba," in ji Dogo, da muryar mai hamma.

Wannan sanyin jiki shi ya ƙona masa rai. Ƙwan mutane na dahuwa, ƙato yana cewa bari a duba! Lambobin suka rikiɗe ja. Injiniya ya lalubo sandarsa, ya ja ƙafa zuwa titi, ya tare tasi, ko hula bai ɗauka ba.

Da ya shiga wurin aikin, Dogo ya miƙe tsaye kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Ai da ka jira..."

Ko kallonsa bai yi ba, ya wuce ɗakin injina. Lamba huɗu na ta gurnaninta cikin kwanciyar hankali. Ma'aunin jikinta ya nuna talatin da bakwai da rabi cif. Ya dafa ƙofar, ɗumi daidai. Ya yi hamdala.

Sannan ya buɗe murfin gefe. Koren katin da ya zana da kansa, ƙwaƙwalwar injin, babu shi. Wani shuɗi ne a gurbinsa, na kanti, har ya yi ƙura. Ya buɗe lamba uku, shuɗi. Lamba biyar, shuɗi.

"Tun yaushe?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Bari Auta ta dawo, ta fita sayen kaya."

A nan ne ya ji wani siririn kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Ya san shi kamar muryar 'ya'yansa, don shi ya rubuta wa katinsa ya yi wannan ƙara in zafi ya kai arba'in. Amma ba daga ɗakin injina yake fitowa ba.

Ya bi sautin yana dogara sanda, ya wuce teburin walda, ya shiga ofis, ya tsaya gaban teburin Auta. Ya ja aljihun teburin na ƙasa.

Ga koren katinsa nan kwance cikin kwalin takalmi, ba a haɗe da injin kowa ba, sai ɗan ƙwan fitila a madadin hita da wata fankar wasan yara. Wani ya jefa cajar waya mai zafi a kan ma'aunin zafin katin ya rufe aljihun. A jikin kwalin an manna takarda da ta fara koɗewa, da rubutun Auta: "Na Baba ne. Kada a kashe, zai gane."