Musayar Kwano a Rakubar Maza

"To, mun shirya ke nan?" in ji Tukur, murya ƙasa-ƙasa. "Kai ka turo mini asidarka, tuwon dawar nan naka, ni in tura maka kwanona. Amma kada Ummuhani ta ji."

Gado ya leƙa kwanon maƙwabcin nasa: kifi, ƙwai, miyar kuɓewa har da nama, ga gauta da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ya kwashe da dariya.

"Ya zol, mutumina, ka ba ni kifi ka karɓi dawa? Wallahi na yarda tun kafin hankalinka ya dawo!"

Suka tafa.

A unguwarsu da ke garin Gadarif, in hantsi ya yi kowane gida kan fito da faranti zuwa rakuba, rumfar da maza ke haɗuwa su karya kumallo. Tun da likita ya ce wa Tukur ciwon sukkari ya kama shi, matarsa Ummuhani ta juya girkin gidan baki ɗaya. Ba ta ware shi ba, abin da ya ci shi ita da yara ke ci. Asida ta koma ɗan curi kamar ƙwan kaza, kisira, siririyar wainar dawa, falle guda, miya da ganye da wake suka cika kwano, shayi babu sukari.

Tukur ya ɗauki abin raini ne. "Dawar da na noma a Gadambaliya ce za ta kashe ni? Ita ubana ya ci har ya tsufa." Abin da bai faɗa ba, ubansa in ya ci sai ya wuni da lauje a rana. Shi kuwa a mota yake zagaya gona, ya dawo ya kishingiɗa.

Kullum kwano na komawa gida tas. Ummuhani ta gani ta yi hamdala. In ta ɗiga jininsa a 'yar na'urar awo kuma, sai ta ga sukkarin hawa yake. Tsoro ya kama ta. Ta cire kisirar ma, ta ƙara kifi, ta riƙa tambayar mata ko a girkinta kuskuren yake. Gado dai sai sheƙi yake yi.

Ƙishirwa ta fara damun Tukur, ga fitsari babu ƙaƙƙautawa. Fuskokin mutane suka koma masa dishi-dishi. Tafin ƙafarsa ya zama kamar yana taka auduga. Ya tsunguli yatsan ƙafarsa a ɓoye, bai ji komai ba, gabansa ya faɗi.

"Gado, ƙafata fa ba ta jin komai."

"Sanyi ne, ya Haj. Ci asidarka tun da zafi."

Ya ci.

Lokacin girbi, yana tafe a gona, wani ɗan ƙwadago ya tsayar da shi. "Alhaji, dubi bayanka." Ya waiga, sai ga sawun jini na bin sa. Kututturen karan dawa ya huda takalmi ya shige tafin ƙafa, shi ko labari bai samu ba.

Ya ɗaure da tsumma ya ɓoye, don ya san in aka je asibiti za a yi tambaya. Ciwon bai warke ba. Babban yatsa ya yi baƙi, baƙin ya kama hawa. Wari ne ya tona shi. Ummuhani ta yaye tsumman, ta dafe ƙirji, ta ce sai asibiti.

A asibiti likita ya duba ya juyo kanta. "Hajiya, me kike ba shi?"

Ta lissafa masa tana kuka.

"Wannan ƙafar ba ta mai cin abin da kika faɗa ba ce."

Ta kalli mijinta, ta kira shi da alkunya. "Abu Ammar, ba kana cinyewa ba?"

Tukur ya juya fuska bango. Gado, da ya rako su, ya sulale waje. Nan ta gane cikin wa kifinta ke shiga.

Likita ya ɗora yatsa a ƙasan gwiwar Tukur ya ce, "Daga nan za mu yanke. In muka jira, sai mun yanke sama da gwiwa."

Jama'a, ku duba wannan ciniki. Gado ya ci girkin da aka yi don ceton wani, yau yana tafiya da ƙafafunsa biyu, sai dai ba ya iya haɗa ido da Ummuhani. Tukur ya samu asidar da yake so, ya bar ƙafa a asibiti. Ummuhani, wadda ba da ita aka ƙulla ba, ita ke ɗaga shi ta kwantar.

Mai sukkari, in an rage maka tuwo an ƙara miya, ba raini ba ne, ƙafarka da idonka ake tsare maka. Kai kuma aboki, in ka turo masa abin da likita ya hana, da hannunka a cikin abin da zai same shi.