Yaran da Aka Ce Su Zauna a Gida

Fensir dozin ɗaya, reza, gorar ruwa, da yara shida a cushe a bayan motar yayana. Da su na nufi makaranta ran jarrabawar ƙa'idojin rubutu.

Haka hedimasta yake yi duk shekara: ya ware yaran da yake ganin ba za su ci ba, ya ce su zauna a gida, a rubuta musu rashin lafiya don sakamakon makaranta ya yi kyau. Bana bakwai ya ware. Ni kuwa wata huɗu na yi ina zama da su bayan an tashi, muna fama da aya da waƙafi. Shi ya sa na bi su gida-gida.

A ƙofar aji hedimasta ya tare ni.

"Malama, karatun da kika yi a ƙasar waje ne ya hana ki jin magana? Waɗannan za su ja mu ƙasa."

"Ranka ya daɗe, ko faɗuwa ce, su faɗi da hannunsu."

"To ki zaɓa, su ko aikinki."

Na tura su ciki. Ya ƙirga, ya yi dariya. "Shida. Ashe ɗaya ta fi ki hankali."

Daga bencin baya wata murya ta ce, "Baba, ina nan. Ta taga na shigo."

Autarsa ce, cikon ta bakwai ɗin da ya ware.

Na shiga, na rufe ƙofa.

"Rubuta takardar korar," na ce masa ta taga. "Sai sun gama zan fito karɓa."