Ranar da Injin Lilo Ya Mutu

Tunda ka tambaye ni yadda mai sana'a zai riƙe jama'arsa idan kaya suka yi tsada, bari in ba ka misalin wani mai walda da aka yi a garinmu.

Mutumin nan ya gaji fili a bakin gari, cike da mangwaro da darbejiya. Maimakon ya yanka shi fuloti-fuloti ya sayar, sai ya kewaye shi ya mai da shi wurin wasan yara. Da hannunsa ya ƙera komai, amma abin da ya fi alfahari da shi wani babban lilo ne mai juyawa, da dawakan ƙarfe a jere, kowane da irin fentinsa, inji na jan su. Ranar sallah sai ka ga iyali na tururuwa da tabarmi da kulolin waina da soyayyen nama, su baje a inuwa kamar a tsakar gidansu. Shi kuwa yana bakin ƙofa, yana yi wa kowa barka da sallah, yana tambayar mutanen gida. Haka aka yi shekaru, har furfura ta cika masa gemu.

Ana nan sai wani attajiri ya buɗe nasa wurin a ɗaya gefen gari, ƙasa shimfiɗe da tayil, ga fitilu kala-kala, ga jirgin da ke hawa sama ya sulalo. Gaskiya wuri ya yi kyau, ba na hana shi. Sai dai ka biya a ƙofa, ka kuma biya a kan kowane lilo. Layi biyu ne: wanda ubansa ya ƙara kuɗi ya wuce, ɗan talaka yana tsaye a rana yana kallonsa. Masu gadi kuma na buɗe jakunkunan mata, ko ruwan sha ba ya shiga, sai dai ka sayi na ciki. Duk da haka jama'a suka karkata can, don ido ba ya raina sabon abu. A daidai lokacin man inji ya yi tashin gwauron zabo. Tsohon ya san idan babbar sallar bana ba ta fitar da shi ba, sai ya sayar da filin, mai saye ma har ya zo ya zagaya. Ƙaninsa ya ce masa ya yi yadda ake yi yanzu, ya hana shigo da abinci, ya sare itatuwa a gina shaguna, ya ware layin masu hali. Tsohon ya ce, "Ni in buɗe kular matar mutane ranar sallah? Allah ya kiyaye. Yaran da ke zama a aji ɗaya kuma ba ni zan raba su a kan doki ba." Kuɗin shiga kawai ya ɗan ɗaga, shi ma sai da ya tsaya ya faɗa wa kowane magidanci dalili da bakinsa, yana ba da haƙuri. Gyaran inji kuwa ya gagara, sai lallaɓawa.

Washegarin sallah bayan la'asar, yara na kan dawakai, injin ya yi tari, ya turnuƙe da hayaƙi, ya mutu. Tsohon ya durƙusa da sufana, ya kwance nan ya ɗaure can, gumi na ɗiga daga gemunsa, inji ko gezau. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya hau benci don ya roƙi gafara ya mayar wa kowa kuɗinsa, ya kuwa san daga nan sai sayar da fili. Bai rufe baki ba wani magidanci ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda ya miƙa wa matarsa. Ya ce, "Baba, a kan wancan jan dokin ka ɗora ni ina yaro, ba ni da ko sisi. Sauko ka huta." Ya kafa kafaɗa a jikin ƙarfe. Sai ga mahauci ya taso, ga malamin makaranta, ga direban tifa, ga wani alhaji mai tumbi da ko a gidansa ba ya ɗaga bokiti. Suka tura, dawakai suka motsa, suka ɗauki gudu. Mata na guɗa, yara na ihu, kowa na nuna ubansa. In wannan rukuni ya gaji wani ya karɓa, har aka kira magariba. Tsohon yana zaune gindin mangwaro, an kewaye shi da kwanukan abinci daga kowace tabarma, yana dariya yana share ido da hannun riga.

Kafin gari ya waye labari ya cika unguwanni. Yara suka tasa iyayensu a gaba, su dai a kai su inda iyaye maza ne ke tura doki, har da yaran da ke wuce layi a wancan wuri mai tayil. Kafin bikin sallah ya ƙare kuɗi sun shigo an gyara inji, mai sayen fili kuma ya nemi wani. Har yau, duk sallah bayan la'asar, da gangan ake kashe injin nan, magidanta su tuɓe riguna su kama ƙarfe, wanda ya makara ma sai ya bi layi.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.