Lemon da Ke Cikin Akwatin Orville

Kifi ya ja fatsar Orville har sandar ta lanƙwashe, amma Orville bai motsa ba. A nan Duane ya san da matsala. Shekara da shekaru suna zuwa tafkin nan duk lokacin sanyi idan ruwansa ya daskare, su kafa ɗan ɗakinsu na katako a kan ƙanƙara, su huda rami su zura fatsa su zauna, bai taɓa ganin mijin ƙanwarsa ya bar kifi ya tsere ba.

"Kai, tulu! Kifinka zai tafi da sanda!"

Orville ya ɗago kai yana wani murmushi na wawaye. Gumi ke tsiyaya a goshinsa, a ɗakin da numfashin mutum ke fita kamar hayaƙi. Ya buɗe baki zai rama, harshe ya ƙi.

Wani zai ce maye ne. Duane ma ya so ya ce maye ne, don tun hantsi Orville ke kurɓar barasa gauraye da lemo, yadda ya saba. Amma kofi biyu ba su taɓa kayar da wannan ƙaton ba. Ciwon sukari gare shi, kuma likita ya sha gaya masa cewa barasa tana shagaltar da hanta, ta hana ta sakin sukari a jini lokacin da jiki ke nema. Orville ya ji, ya yi nasa lissafin: barasa na saukarwa, lemo na ɗagawa, to a haɗa su. Kafin ya fara sha yakan ɗaga riga ya yi wa kansa allurar insulin mai saukar da sukari, daidai da zaƙin lemon. Yau ma a gaban Duane ya yi, yana shafa ciki yana cika baki, wai tun bayan Kirsimeti wandonsa ya fara yi masa yawa, kuma bai bar cin komai ba. Jirin da ke ɗan ɗibarsa kwanan nan kuwa, ya ce laifin murhun ɗakin ne.

Duane ya lalubo na'urar awon sukari a aljihun Orville, ya huda masa yatsa. Lambar da ta fito ta nuna sukarin ya faɗi ƙasa ƙwarai.

Ya kira masu motar asibiti. Matar da ta ɗauka ta ce suna tafe, amma motarsu ta yi wa ƙanƙara nauyi, a bakin tafki za su tsaya. In yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi yanzu, a jira kaɗan, a sake awo.

Bakin tafki da nisa, kuma ɗaga Orville zuwa motar da suka shigo da ita kan ƙanƙara aikin mutum uku ne. Lemo kuwa ga shi kusa. Duane ya buɗe akwatin abincin da ƙanwarsa Marlys ta haɗo wa mijinta. Busasshen nama ne da cuku, babu burodi, babu cincin ɗin da ta saba sakawa, abin da Orville ya wuni yana ƙorafi a kai. Amma ga babbar kwalbar lemo ta biyu, cike taf. Duane ya duba takardar jikinta sau biyu: mai sukari ce, irin wadda Orville ke sha tun yana saurayi. Ya murɗa murfin, ya buɗe ba gardama.

"Sha, ɗan'uwana. Sha, don Allah."

Orville ya sha, rabi na shiga, rabi na bin gemu. Duane ya zauna yana riƙe da kan Orville, yana kallon fuskarsa, yana jira jini ya dawo mata. Ya taɓa ganin Marlys ta yi wa Orville haka a wajen wani biki, kafin a gama waƙa ɗaya mutumin ya tashi yana neman faɗa.

Ya sake awo. Lambar ta ƙara sauka.

Tsoro ya kama Duane, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ce ƙila bai isa ba, ya ƙara masa. Ya sake jira. Hannuwan Orville suka fara kakkarwa, idanunsa suka juya sama, lemon ya fara dawowa ta gefen baki. Kwalbar ta kusa ƙarewa, rana ta karkata, kuma duk wannan lokacin da ya ɓata da ya kai shi gaci tuntuni.

Yadda ya ja shi a kan ƙanƙara ya cusa shi cikin mota, shi kansa bai sani ba. Ya figi motar tana zamewa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana kiran ƙanwarsa. Can nesa ya hango jan fitilar motar asibiti, ƙarama kamar garwashi.

"Marlys, ki zo bakin tafki. Sukarin Orville ya faɗi, ba ya magana."

"Yaya, ka ba shi abu mai zaƙi! Maza!"

"Na ba shi! Tun ɗazu nake ɗura masa, kwalba guda ya kusa shanyewa, ya ƙi tashi!"

"Wace kwalba?"

"Lemonsa mana. Wanda kika sa masa a akwati."

Da ta amsa, da ƙyar Duane ya gane muryarta.

"Yaya, na shiga uku. Don ya rage ƙiba ne. Tun bayan Kirsimeti nake zubar da na ciki, ina cika masa kwalaben da marar sukari."