Mai Kiwon Kaji da Hutun Kwana Biyu

Tunda ka ce kana so ka ajiye waya ka tafi ƙauye ka huta, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai kiwon kajin ƙwai a Funtuwa. Kaji dubu biyu gare shi a bayan gari, kuma duk harkarsu a cikin wayarsa take: lambar mai kawo abinci, lambar likitan dabbobi, ranakun rigakafi, masu zuwa ɗaukar ƙwai. Ko tuwo yake ci, wayar tana gefen kwano. Da ciwon kai ya matsa masa, aka auna shi a asibiti aka ce jininsa ya hau, likita ya ce ya rabu da waya ko na kwana biyu ne ya huta. Matarsa ta ce ai ga kawunta can da lambu a bakin kogi, a ƙauyen da ko sabis babu, su tafi Juma'a bayan an sauko daga masallaci su dawo Lahadi. Ya ce to. Ita tun ranar Litinin ta kama shiri. Ta aika wa kawu saƙo ta bakin direban da ke zuwa cin kasuwar can, ta yi magana da yayarta kan riƙon yara, ta wanke gidan sauro. Akwai wani dattijo maƙwabcinsu, tsohon malamin gona, wanda ya yarda zai kula da kajin. Kullum da safe sai ta ce, "Malam, ka kai Baba gidan gonar nan ka nuna masa komai, ka rubuta masa lambobi a takarda, kai ma ka riƙe tasa." Shi kuwa da ya tuna tafiyar sai tsoron barin kajin ya kama shi, don haka ya daina tunawa. Sai ya ce, "Ai da sauran lokaci." Haka Talata ta wuce, Laraba ta bi ta, Alhamis ma ya yini yana amsa waya. Ranar Juma'a, mota na jira a bakin ƙofa, ya tsayar da dattijo a rana ya zazzage masa bayanin shekara biyar cikin 'yan mintoci, dattijo yana gyaɗa kai. Ya jefa wayar a durowa, ya kulle, suka kama hanya.

Ƙauyen kuwa ya yi yadda aka faɗa. Kawu ya sa an share ɗaki, an yanka zakara, an shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro inda iskar kogi ke kaɗawa. Da safiyar Asabar aka kawo koko da ƙosai. Mutumin nan ya ɗauki ludayi ke nan sai ya ga wata kaza tana shan ruwa a kasko, nan take ya tuna da nasa kajin. A gidan gonarsa akwai bututun da ke kai ruwa ɗaki na uku, wanda ke toshewa idan ba a buɗe wani ɗan famfo a bayan tanki da hantsi ba, kuma shi kaɗai ya san wannan. Ya faɗa wa dattijo, ko bai faɗa ba? Ya juya maganar jiya a ransa ta gaba ta baya, ya kasa tunawa. Ga shi lokacin bazara, zafin da kaza ba ta yini babu ruwa. Ya shafa aljihu, wayam. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Kawu ya ja shi lambu yana nuna masa albasa da gwaiba, shi kuwa ba abin da yake gani sai kaji ɗari bakwai sun buɗe baki suna haki. Aka ce idan an hau wani tudu bayan makaranta akan sami sabis. Ya ari wayar wani mai shayi, ya hau tudun yana zufa, ya ɗaga ta sama har ta kama. Sai a nan ya tarar ba lambar kowa a kansa, ko ta dattijon, ko ta gidansa. Ya sauko ya ce shi gida zai koma. Matarsa ta ce, "Malam, ka bar wa Allah, Baba ba yaro ba ne." Ya ce ba zai iya ba. Kafin azahar ya hau bayan motar tumatir, ya bar ta tsaye a ƙofar kawunta tana ba da haƙuri kan abincin da aka ɗora dominsa.

Da la'asar ya isa gidan gona a guje, har takalminsa ɗaya ya tsinke. Ya tarar da kaji suna ta shan ruwa, dattijo yana zaune a inuwa da carbinsa. Dattijo ya dube shi ya ce, "Famfon bayan tanki? Ai sau biyu ka faɗa mini." Mutumin ya zauna a kan buhun dusa. Motar ƙauyen ba ta sake komawa sai ranar kasuwa, wato Lahadi, saboda haka a nan cikin warin kaji ya ƙarasa hutunsa, ita kuwa matar ta dawo Lahadi ita kaɗai, ta ajiye masa kwandon gwaiba.

Ka ga, kajin ba abin da ya same su. Hankalinsa ne bai sallame shi ba, domin bai zauna ya miƙa amanar a natse ba, balle zuciyarsa ta shaida cewa ya miƙa. In za ka tafi, ka fara sallamar ayyukanka tun da sauran kwanaki. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.