Kilo Tara a Katin Awo

Tun ƙarfe bakwai Sista take zaune gaban sikelin ɗakin awo, masu ciki sun cika benci har baranda. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, har ta daina ɗaga kai. Ƙafafu take gani da bakin hijabi, sai allurar sikeli, sai kati. "Hau. Sauka. Ta gaba." Ta gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa.

Ƙa'idar ɗakin ɗaya ce: duk wadda nauyinta ya ƙi ƙaruwa a tura ta wurin likita ya duba jininta da abincinta, don uwar da ba ta ƙaru ba ɗan mitsitsin jariri take haifa. Sista kan bugi ƙirji cewa irin wannan ba ta taɓa kuɓuce mata ba.

Shi ya sa gabanta ya faɗi da likita ya aiko mata da wani kati da azahar. Matar wani direba ce ta haihu da safe, ciki wata tara cif, amma jaririn ko kilo biyu bai kai ba. Yana cikin kwalba, nono ma ya kasa ja.

Sista ta duba rubutun hannunta a katin. Wata uku, kilo hamsin da biyu. Matar ta yi ɓatan dabo sai a wata bakwai: sittin da ɗaya. Har "madalla" ta rubuta a gefe. Ta hau sikelin da kanta, lafiyarsa ƙalau.

Ta ja ƙafa zuwa ɗakin masu jego. A karon farko ta kalli matar sama da idon sawu. Kumatu sun zurma, ƙashin wuya duk a waje. Kunya da haushi suka taso mata tare.

"Baiwar Allah, ina kilo taran da na auna? Duwatsu kike zubawa a aljihu?"

Matar ta yi murmushin wahala.

"Wallahi Sista ban sa komai ba. Zuwan farko ni kaɗai na zo. Daga baya surukata ta kwanta ciwo, ba wanda zan bar wa. Ke kuma ba kya son a ɓata miki lokaci, shi ne na hau sikelin da yayar jaririn nan goye a bayana."